Sau biyu na bar maganin damuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son rubuta wanga abu amma kullum sai in ce bari sai gobe, don maganar ba ta da daɗin faɗi a garinmu, ku ma kun sani nan Maradi in anka ji mutum shina shan maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta mishi to kafin la'asar an gama yanke mishi hukunci, wasu su ce ya taɓu, wasu su ce sammu ne anka yi mishi. Abin da ya sa yau na zauna, satin da ya wuce wani yaro da muke shan shayi tare a fada ya ja ni gefe bayan isha'i ya ce "yaya don Allah an ce ka taɓa shan irin maganin nan, ni yau kwana huɗu da na bari, ji nake kamar ana jona mini wayar kuran cikin kai, ko haukacewa zan yi?" Muryarshi har rawa take. Wallahi tsigar jikina ta tashi, don tambayar nan ni ma na yi ta a watan Satumba na 2023 kuma lokacin ba ni da wanda zan ja gefe.

Ni tela ne, atiliyena na unguwar Zariya, da yara uku a ƙarƙashina. Ƙarshen 2022 mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙanshi, ya bar mana bashi da gida cike da mutane kuma ni ne babba. Ba zan daɗe a kan wannan ba. Abin da ya faru dai barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, sai in zauna gaban keke tun sahe har azahar ban ɗinka ko aljihu ɗaya ba, shaddar mutane na jibge ina kallonta. Wani abokina ma'aikacin asibiti shi ya matsa mini har munka je wurin likita, a watan Janairu 2023 anka ɗora ni kan wani magani sunanshi paroksetin, a jikin kwali za ka ga an rubuta Paroxétine, miligiram 20, ƙwaya ɗaya kowace sahiya. Sai da na yi wajen sati huɗu kafin in fara jin canji. Kafin azumi ya kama na koma aiki, ɗinkin sallar shekarar da hannuna na yi shi. Don haka kar wani ya karanta wanga rubutu ya ce na zo zagin magani ne, a'a, maganin nan Allah ya sa shi ne sanadin tashina.

To sai ga 26 ga watan Yuli 2023, juyin mulki, sai takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, anka rufe iyaka da Najeriya da Benin, wutar da ke zo mana daga Najeriya anka yanke, kaya sunka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Duk wanda ke Maradi lokacin ya san yadda munka sha, mu da Jibiya da Katsina kamar ɗaki da falo ne sai ga shi hanyar Ɗan Isa ta zama abin lissafi. Magunguna da yawa sunka yi wuya. Tsakiyar Satumba kwalina ya ƙare, na ɗauki ordonans, takardar maganin da likita ya rubuta, na hau moto na zaga farmasi biyar, kowa sai ya duba ya ce babu, ka leƙo sati mai zuwa. A hanyar komawa na ce wa kaina ai na warke, wata takwas ina sha, ina ci ina barci ina aiki, wataƙila ma Allah ne ya kawo ƙarshen abin ta wannan hanya. Ban kira likita ba. Lambarshi na cikin wayata kuma ban kira ba, wannan shi ne abin da har yau nake jin ciwonshi.

Rana ta farko lahiya lau. Rana ta biyu da yamma na fara jin kaina ya yi wani iri, kamar wanda ya sauko daga motar Yamai bayan tahiyar yini guda ƙasa na ci gaba da tahiya da shi. Rana ta uku a sallar azahar abin ya bayyana sosai, na ɗago daga ruku'u masallaci ya juya, na dafa na kusa da ni, da munka zo sallama na waiga dama sai na ji wani abu ya yi zuut daga tsakiyar kaina zuwa haƙora, kamar ka taɓa ƙarfen keke mai kuran da jiƙaƙƙen hannu, na waiga hagu ya sake. Ba zafi ne ba irin na ciwon kai, ba ya ko kai daƙiƙa ɗaya, amma tsoron da yake sawa ya fi zafi. Daga baya na lura duk lokacin da na juya ido da sauri yake zuwa, to ka ga tela kuwa aikinshi ke nan, ido daga allura zuwa almakashi zuwa bakin ƙofa. Sai tashin zuciya, sai zufa da dare har matashi ya jiƙe, gaɓoɓi na ciwo kamar mura za ta kama ni. Da yake lokacin palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, ƙarshen damina kowane gida akwai mai kwance, kowa ya ce palu ne, ni ma na yarda. Na je anka yi gwaji, babu. Na sake wani wuri, babu.

Mafarkin shi ya fi tayar mini da hankali. Ban taɓa irin shi ba, mafarki mai launi mai ƙara wanda kake farkawa ka yi minti goma ba ka san ko ka farka ba. Ina ganin Baba a tsaye bakin zaure shina kirana ina son amsawa murya ta ƙi fita. In farka zuciya na bugawa. Da rana kuma kuka ba dalili, ana kiran salla a rediyo hawaye su zubo, yaron shago ya tambaye ni zare wane launi in ji kamar in kwaɗa mishi mari. Ni da ba a san ni da faɗa ba. Rana ta biyar ɗiyata ƴar shekara huɗu ta zubar da kunu kan tabarma na daka mata tsawar da ta sa ta fitsari a tsaye, har yau in na tuna idonta sai zuciyata ta karye.

Inna da ta ji labarin mafarki ba ta tsaya wata-wata ba ta ce iska ce, ta sa anka kira malam ya zo ya yi mini ruƙiyya, anka kawo rubutu na sha, anka turara gida. Ban ƙi ba kuma ba na raina wannan, karatun Alƙur'ani ya kwantar mini da zuciya a daren da ba abin da ke kwantar da ita. Amma da sahe jirin na nan, wutar cikin kai na nan. Mai ɗakina ce ta fara haɗa lissafin, ta ce "Malam, ni hwa tun ranar da maganinka ya ƙare na ga ka canza, ka kira likitan nan don girman Allah." Na ce ina ruwan magani, maganin da babu shi cikin jikina shi zai sa ni ciwo? Ashe rashin nashi ne ciwon.

Rana ta tara na kira. Likita bai yi mini faɗa ba, ya dai yi shiru kaɗan sannan ya jero mini abin da nake ji ɗaya bayan ɗaya tun kafin in faɗa, jiri, wuta a kai, mafarki, zufa, fushi. Da ya ambaci wutar nan sai da na zauna ƙasa, don na ɗauka ni kaɗai ne a duniya. Ya taimaka anka samo kwali ɗaya, na sha da sahe, kafin magariba ta washegari wallahi kamar an zare ƙaya, komai ya lafa. Na yi barci awa tara.

Sai dai wani sabon tsoro ya shigo, na ce shi ke nan na zama ɗan ƙwaya. Mun san yaran da tramol ya cinye a garin nan, mun ga yadda suke in ba su samu ba. Ranar randebu na faɗa wa likita haka kai tsaye, na ce Dokta gaya mini gaskiya, bambancina da su mene ne? Ya tambaye ni, ka taɓa jin kwaɗayin maganin nan? ka taɓa ƙara biyu don ka ji daɗi? ka taɓa jin ɗaya ta daina isarka? Na ce ko sau ɗaya. Ya ce to wannan ba jaraba ce ba, sabo ne na jiki. Ya yi mini bayani cewa akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa sunanshi serotonin wanda jijiyoyi ke aika saƙo da shi, maganin shina hana a kwashe shi da wuri, to wata da watanni ƙwaƙwalwa na gyara zamanta daidai da haka, in ka zare maganin dare ɗaya sai ta samu kanta ba a shirye ba. Kuma serotonin ɗin ba a kai kaɗai yake ba, mafi yawanshi ma a hanji yake, shi ya sa ciki ke rikicewa. Ya ce kuma na faɗa kan ɗaya daga cikin masu wuyar bari, don paroksetin kwana ɗaya ya isa rabinshi ya bar jini, akwai wani ma benlafaksin da awoyi kaɗan ke isarshi, amma irin su fuloksetin kwanaki yake yi kuma abin da yake rikiɗa ya zama a jiki sai ya yi sati ɗaya ko biyu kafin rabi ya fita, shi ya sa mai shan shi in ya manta kwana biyu sau da yawa ba ya jin komai.

Daga baya abokina na asibiti ya nuna mini wasu abubuwa a waya da Faransanci muna karantawa tare. Ashe su kansu Turawa sun daɗe suna cewa abin ƙarami ne, sati ɗaya ko biyu ya wuce, sai a 2019 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta gyara maganarta ta yarda cewa ga wasu mutane abin kan yi tsanani kuma ya ɗauki watanni. A 2024 kuma wasu masu bincike a Jamus sun tattara nazari 79 na mutane sama da 21,000, sunka ce kusan mutum 1 cikin 6 ko 7 ne ke samun alamomin da barin maganin ya jawo, masu tsanani kuma kamar 1 cikin 35, kuma sun ambaci paroksetin cikin waɗanda nasu ke yin tsanani. Akwai masana da ke ganin adadin ya fi haka. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne ba kowa ke shan wuya ba, kar in tsorata mutane, wasu suna bari su wuce lahiya lau, amma wanda abin ya same shi ba ƙarya yake ba kuma ba raki ne ba.

Na ci gaba da sha har anka buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris 2024. Lokacin na ce wa likita ina son in bari, ta hanya wannan karon. Ya ce ya yarda don na wuce wata shida da samun sauƙi da nisa, kuma ƙa'ida ke nan ba a gaggawar bari da zarar mutum ya ji dama, amma ya ce ba yanzu ba. Ya ce kai tela ne, ga azumi cikin zafin Maris da Afrilu, ga ɗinkin ƙaramar salla da ba kwa barci, bayanta ga na layya, in munka fara yanzu ba za mu gane wanne ne gajiya wanne ne magani ba. Wannan magana ta burge ni, ya duba sana'ata ba takarda kaɗai ba. Sai bayan layya, ƙarshen watan Yuni, munka fara.

Daga 20 munka sauko 15, wato kashi uku cikin huɗu na ƙwaya, ina yankawa da sabuwar reza a kan faranti. Kwana uku zuwa biyar na ɗan ji jiri sannan ya wuce. Sati huɗu a haka. Sai 10, shi ma kusan haka. Na fara jin ai abin ba wuya. Da munka sauko 5 sai jikina ya ce bai san zancen ba, wutar ta dawo ko da yake ba kamar ta farko ba, mafarki ya dawo, sai da na yi wajen kwana goma sha biyu kafin ƙasa ta tsaya. Likita ya ce mu zauna nan sati shida kar mu motsa. A nan ne na yi kuskure na biyu, na gaji da jira na ce bari in riƙa sha yau in tsallake gobe don jiki ya saba, ban gaya wa kowa ba. Sati ɗaya na yi a haka na zama kamar guga, yau sama gobe ƙasa. Da na faɗa mishi ya ce da maganin da rabinshi ke barin jini cikin kwana ɗaya tsallake rana daidai yake da ka bari ka koma ka bari ka koma, kullum kana sabunta wahalar.

Na tambaye shi abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa daga 20 zuwa 10 da na zubar da rabi guda ban ji komai sosai ba, amma ɗan guntun nan da ko a tafin hannu da ƙyar ake ganinshi shi ya gagare ni? Ya ce ka taɓa ban ruwa a garka? Na ce mun yi a bakin gulbi muna yara. Ya ce guga na farko da ka zuba a busasshen fage ƙasa ke shanye shi duka, na biyu ma ta sha, amma na huɗu da na biyar kwanciya suke a sama. In ka rage na biyar shuka ba ta sani ba, in ka hana na farko ta bushe. Haka maganin yake, ƙaramin awo shi ke yin mafi yawan aikin a ƙwaƙwalwa, don haka saukar ƙarshe ita ke son ƙananan taki, kullum abin da za a rage ya zama ya fi na baya ƙanƙanta. Wallahi da na san wannan tun farko da ban zargi kaina da rashin ƙarfin zuciya ba. Mutane da yawa nan suke faɗuwa, su kai rubu'in ƙwaya su ce ai saura ƙiris su yar, sai abin ya buge su, su ce ashe ciwona bai warke ba ko kuma ba zan taɓa rabuwa da magani ba.

Da yake rubu'in ƙwaya ba ya yankuwa da reza yadda za a samu awo daidai, sai ya zama gari, likita ya canza ni zuwa fuloksetin wanda ke fita a hankali, ya nuna mini yadda zan auna da sirinji marar allura, muna ragewa kaɗan kaɗan. Ba zan rubuta awon a nan ba da gangan, don na san halinmu wani zai ɗauka ya yi wa kanshi, kuma canza magani zuwa wani ba abin da mutum zai yi shi kaɗai ne ba, wani ma a kan nashi maganin za a sauke shi ba sai an canza ba.

Abubuwan da sunka riƙe ni a watannin nan ƙanana ne. Na sayi kaye na dala ashirin ina rubuta kowane dare, nawa na sha, awa nawa na yi barci, jiri ya zo ko bai zo ba. Amfaninshi ranar da abin ya yi tsanani sai shaiɗan ya ce maka kullum haka kake kuma haka za ka dawwama, sai in buɗe kaye in ga ashe wancan karon ma rana ta huɗu ce ta fi muni kuma ta goma na rubuta lahiya lau. Shayin dare na bari, wannan ya yi mini wuya don fada ba shayi kamar ba fada ba ce, amma na fari mai ɗacin nan bayan isha'i shina ƙara mini bugun zuciya ya hana barci, sai in zauna da su in sha ruwan citta, ita cittar ma ta taimaka wa tashin zuciya. Abinci kaɗan kaɗan, kunu da sahe, fura da rana, ban yarda ciki ya zama wayam ba don jirin ya fi kama ni da yunwa. Ruwa da yawa. Bayan asuba in taka da ƙafa wajen rabin awa kafin rana ta yi zafi, ranar da na yi tahiyar barcina ya fi kyau, na gani a kaye ba ji na yi ba. Moto kuwa duk satin da anka rage magani ajiye ta nake in hau kabu-kabu ko adaidaita, don ranar da wutar ta kama ni ina waigawa a mararraba kusa da babbar kasuwa ranar Litinin na san wasa da rai nake. Salla ma da jiri ya yi yawa na tambayi limaminmu ya ce in zauna, ya karanto mini hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka yi salla a tsaye in ba ka iyawa to a zaune.

Amma wanda ya fi duka shi ne na daina ɓoye wa mutanen gida. Duk ranar da za a rage sai in gaya wa mai ɗakina, ita kuma ta san daga jibi zuwa sati guda sai haƙuri, ta janye yara in ta ga idona ya canza, wani lokaci ta ce a hankali "Malam, maganin ne hwa, fita ka sha iska." Kalmar nan ta sha ceto na. Fushin shina zuwa kamar gaskiya, a lokacin ji kake lallai an yi maka laifi, sai wani na waje ya tuna maka. Inna ma na zaunar da ita na yi mata bayanin guga da garka, ta yi shiru ta ce "to Allah ya sawwaƙe, amma addu'a ba za mu bari ba." Na ce Inna wa ya ce a bari. Babban yaron shagona shi ma na gaya mishi, shi ke karɓar masu kawo ɗinki a irin ranakun.

Wani abokina da ya ga ba na barci ya kawo mini ƴan ƙwayoyi daga masu tallar magani a tire, ya ce rabi kawai za ka sha ka yi barci kamar jariri. Da kyakkyawar niyya ya kawo amma ban sha ba, na nuna wa likita ya ce irin masu sa barcin nan nasu sabon ya fi wanda nake fama da shi, ya kuma gargaɗe ni musamman kan tramol, ya ce haɗa shi da irin maganina kan iya jawo farfaɗiya ko wani rikici mai hatsari a jiki. Don Allah duk wanda ke cikin wanga hali ya kiyayi tire.

Tambayar da ta fi cin raina duk tsawon lokacin ita ce, wannan barin magani ne ko ciwon ne ya dawo? Abin da likita ya koya mini kuma na gani a jikina, na barin magani da sauri yake zuwa, kwana biyu zuwa biyar bayan an rage, kuma da kayanshi yake tahowa waɗanda ban taɓa ji ba lokacin ciwona na farko, jiri, wuta a kai, zufa, tashin zuciya, kuma shina hawa ya sauka, in an koma awon baya kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ya lafa. Ciwon damuwa shi kuwa sanɗa yake, sati da satuttuka, ka ga abin da kake so ya daina yi maka daɗi, nauyin nan na ƙirji da ka sani ya dawo. Wani lokaci suna kama da juna har kai ba za ka iya rabewa ba, shi ya sa ake komawa wurin likita da kaye a hannu. Kuma akwai wanda likita zai ce mishi kai ci gaba da sha, musamman wanda ciwon ya sha dawo mishi, wannan ba faɗuwa ce ba, mai tansiyon ma shekaru yake yi shina sha ba wanda ya ce mishi rago.

Abu ɗaya da ba a jira da shi, in tunanin kashe kai ya zo maka, ko ka ji wani irin rashin natsuwa da ba ka iya zama ba ka iya tsayuwa kamar ana hura maka wuta a jiki, ko ka yi kwanaki ba barci sam, kar ka ce bari in ga gobe. Ka gaya wa na kusa da kai a ranar, ku tahi asibiti a ranar. Ni tunanin ya taɓa gilma mini sau ɗaya a Satumbar nan ta farko, dare na bakwai, kuma ban gaya wa kowa ba sai bayan shekara, ban so wani ya yi irin shirun da na yi.

Ƙarshen watan Janairu 2025 na sha na ƙarshe, wata bakwai ke nan daga farawa, munka bar wata guda tsakani kafin azumi. Sai wajen sati biyu bayan nan na ji ɗan jiri na kwana uku, likita dama ya ce da fuloksetin in zai zo a makare yake zuwa. Daga nan shiru. Har yanzu ina zuwa randebu duk wata uku kuma mai ɗakina ta san alamun da za ta duba.

Yaron fada kuwa, daren nan na tambaye shi sunan maganin da yadda ya bari, ashe wani kawunshi ne ya ga kwalin ya ce ya yar, maganin mahaukata ne. Na ce mishi ba haukacewa kake ba, abin da kake ji na ji shi har da na haƙora, ya dube ni ya ce "yaya har da haƙora?" sai ya fashe da kuka. Da sahe na ɗauke shi a moto munka je wurin likitan da ya rubuta mishi, anka mayar da shi kan awonshi. Jiya ya turo mini saƙo a WhatsApp ya ce ya yi barci har ya makara asuba. Saura kawun, ranar Juma'a bayan masallaci munka shirya zan raka shi mu je mu gaishe shi.